Gaba Kura, Baya Siyaki: Yadda Vlad na Walakiya Ya Rasa Sarautarsa a 1462

Ran 11 ga Fabrairun 1462, Vlad na Uku, sarkin Walakiya, ya aika wa Matiyas Korvinus, sarkin Hangari, da wasiƙa. Wanda ya karanta ta zai ɗauka takardar ma'auni ce a kasuwar hatsi: gari kaza kawuna kaza, mashigi kaza kawuna kaza. Da aka haɗa jimla sai ta kama 23,884, Turkawa da Bulgariyawa, maza da mata, tsofaffi da yara. Ya kuma ƙara da cewa wannan ban da waɗanda aka ƙone a cikin gidajensu, da waɗanda ba a kawo kawunansu gaban masu ƙidaya ba.

Duk sanda na koma kan wannan lamba, 4 ɗin nan ta ƙarshe ce ke tsaya mini a rai. Tana nufin akwai wanda ya zauna cikin hunturu a bakin kogi yana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, yana rubutawa. Galibin waɗanda aka ƙirga talakawan ƙauyukan kudancin kogin Danub ne, Musulmi da Kirista a cakuɗe, waɗanda ba su san abin da ya haɗa Vlad da Sultan ba.

Manufar wasiƙar a fili take. Vlad na son Matiyas ya gane cewa ya riga ya tsinke igiyar da ke tsakaninsa da Sultan Muhammad al-Fatih, babu sauran komawa, don haka a turo masa runduna kafin bazara, ko da ta mutanen Transilvaniya ce kawai. Wata tara da 'yan kwanaki bayan haka, wannan sarkin da aka aika wa wasiƙar shi ne ya sa aka kama shi. Abin da ya faru a tsakanin nan shi ne lamarin da za mu bi.

Ƙasar da ke tsakani

Walakiya ita ce kudancin Romaniya ta yau. Daga kudu Danub ya raba ta da ƙasashen Daular Usmaniyya (ta Turkiyya nake nufi, kada mai karatu ya kai hankalinsa Sakkwato). Daga arewa duwatsun Karpat ne, bayansu kuma Transilvaniya, wadda ke ƙarƙashin sarkin Hangari. Ga Turkawa, Walakiya ita ce gaɓar kogin da ba sa so a riƙa tsallako musu daga cikinta. Ga Hangari kuwa garkuwa ce, inda ake so yaƙi ya ƙare kafin ya iso gida. Tun zamanin Mirca Tsoho, kakan Vlad, wajen 1417, sarakunan ƙasar ke kai wa Sultan gandu, suna kuma yi wa sarkin Hangari mubaya'a a lokaci guda. Wanda ya iya riƙe igiyoyin nan biyu ba tare da ɗaya ta shaƙe shi ba, shi ne ke daɗewa.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne tsarin gado. Duk wanda ya fito daga tsatson gidan sarauta, ɗan aure ne ko ɗan ƙwarƙwara, yana da ikon neman gadon, muddin manyan masu ƙasa, waɗanda ake kira boyar, sun mara masa baya. Mutanen ƙasar kan ce irin wannan yana da ƙashin sarauta a jikinsa. Gidan kuma ya rabu biyu, zuriyar Dan da zuriyar Mirca. Saboda haka kullum akwai wani ɗan sarki a ajiye a fadar Sultan, akwai wani a ajiye a garuruwan Transilvaniya, kowa na jiran ranar da za a ɗaura masa sirdi.

Vlad a cikin wannan ya tashi. Mahaifinsa, Vlad na Biyu, ɗan wata ƙungiyar barade ce da Sarki Sigismund na Hangari ya kafa, mai tambarin dodon maciji, daga nan aka laƙaba masa Drakul, ɗansa kuma Drakula, wato ɗan Drakul. Tatsuniyoyin mai shan jini da aka jingina wa sunan ƙarnuka daga baya ba su da abin da ya haɗa su da wannan tarihi. A 1442 Sultan Murad na Biyu ya kira uban, ya riƙe 'ya'yansa biyu a matsayin jingina: Vlad da ƙanensa Radu. A hannun Turkawa suka yi ƙuruciyarsu, suka iya harshen, suka ga yadda ake tafiyar da runduna. A 1447 Yanos Hunyadi, jagoran Hangari kuma mahaifin Matiyas, ya shigo Walakiya da yaƙi, aka kashe uban, aka kashe babban wansu Mirca. Vlad ya ɗana sarauta ta 'yan makonni a 1448 da goyon bayan Turkawa, aka kore shi, ya yi yawon gudun hijira a Moldaviya da Transilvaniya. A 1456, shekarar da Hunyadi ya kare Belgrad daga Sultan Muhammad sannan annoba ta ɗauke shi, Vlad ya dawo, wannan karon da yardar Hangari. Radu kuwa ya zauna a fadar Sultan, ya zama na kusa da shi.

Wato a lokacin da ya hau gado yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ɓangarorin biyu duk sun taɓa ɗora shi, duk kuma sun taɓa cutar da gidansu. A wata wasiƙa da ya rubuta wa manyan garin Brasov na Transilvaniya a Satumban 1456 ya faɗi yadda yake kallon duniya: mai ƙarfi shi ke yin sulhu yadda ya ga dama, marar ƙarfi kuwa wanda ya fi shi ke zuwa ya yi yadda ya so da shi.

Maƙiyan da ya tara wa kansa

Shekara shida na mulkinsa ya kwashe yana neman wannan ƙarfin, kuma hanyar da ya bi ita ce tsoratarwa. Hukuncinsa shi ne tsire mutum a kan itace mai tsini a kafa shi a bainar jama'a. Daga nan Romaniyawa suka kira shi Tsepesh, Turkawa suka ce Kaziklu, ma'anar duka ɗaya: mai tsirewa. Akwai labarin da ake bayarwa cewa ya tara boyar a liyafa ya tambaye su sarakuna nawa kowa ya gani a rayuwarsa, aka rasa wanda ya ga ƙasa da bakwai, sai ya ce to makircinku ne ya jawo haka, ya sa aka kashe su. Labari ne da ya fito daga bakin maƙiyansa, amma takardun fadarsa sun nuna sunayen tsofaffin 'yan majalisa suna ɓacewa, sababbi suna maye gurbinsu.

Rigimarsa ta biyu da 'yan kasuwar Saksan ce, Jamusawan da ke riƙe da Brasov da Sibiyu. Su ke da mashigan duwatsu, su ke ƙera makamai, su ke da kuɗi. Vlad ya taƙaita musu ciniki a ƙasarsa, su kuma suka ba masu neman gadonsa mafaka. Ya kai musu hare-hare, ya ƙone unguwannin bayan ganuwar Brasov. A 1460 ya kama ɗan takararsu, Dan na Uku, ya kashe shi. An yi sulhu daga baya, amma zomo ba ya manta wanda ya rataye shi. Waɗannan Saksan su ne mutanen da duk wani taimako daga Hangari sai ya bi ta ƙofarsu, kuma alƙalumansu ne suka rubuta yawancin abin da Turai ta karanta a kansa.

Tsinkewar igiya

Gandun Walakiya dukat 10,000 ne na zinare a shekara. Vlad ya daina biya wajen 1459, ya kuma daina zuwa gaisuwa da kansa. A wannan shekarar ce Fafaroma Piyus na Biyu ya kira taro a Mantuwa don haɗa sarakunan Kirista su yaƙi Turkawa. Taron bai haifar da runduna ba, amma ya haifar da kuɗi, kuma wani kaso mai tsoka daga Roma da Venis ya nufi Buda, babban birnin Hangari, da sunan yaƙin. Vlad ya ga haka, ya ƙulla da Matiyas, har da maganar aure tsakanin gidajen biyu.

Shi kuwa Sultan hankalinsa na wani wuri. Ya gama da Sabiya a 1459, ya gama da Moriya ta ƙasar Girka a 1460, ya ci Tirabzon a 1461. Sai da ya dawo sannan ya waiwayi Danub. Bai fara da yaƙi ba. Ya aiki wani magatakardansa Bagirke, Tomas Katabolinos, ya gayyato Vlad, ya kuma umarci Hamza Bey, hakimin Nikopolis, ya yi masa kwanton ɓauna a kusa da Giurgiu. Vlad ya sami labari, ya riga su, ya kama su duka biyu, ya tsire su, na Hamza ya fi na kowa tsawo saboda muƙaminsa. Ganuwar Giurgiu kuma da baki ya buɗe ta: an yi wa masu gadi magana da Turkanci, suka buɗe ƙofa, mutanensa suka afka. Daga nan ya tsallaka kogin cikin hunturu ya yi ɓarnar da ya lissafa a wasiƙar.

Ta fuskar dabarar yaƙi harin na da ma'ana: ya ƙone mashigai da jiragen ruwa, ya lalata garuruwan da mahara ke tasowa daga cikinsu. Amma kashe jakadan Sultan da hakiminsa, da kisan dubban talakawansa, abu ne da babu wani mai mulkin Santambul da zai haɗiye. Vlad ya san haka. Ya sa ƙasarsa gaba ɗaya a caca bisa alkawarin wani saurayi ɗan shekara 19 da ke zaune a Buda.

Wata guda a arewacin Danub

Sultan ya fito da kansa. Marubucin tarihi Bagirke, Kalkokondiles, ya ce rundunar ta kai 250,000, jakadan Venis a Buda kuwa ya kawo 60,000 na ainihi da wasu 30,000 'yan sa-kai, wanda ya fi kama da hankali. Vlad bai tara fiye da 20,000 zuwa 30,000 ba, yawancinsu manoma. A farkon Yuni Turkawa suka tsallaka daga Nikopolis. Wani Basabiye da ke cikin dakarun Janisari, zaɓaɓɓun sojojin Sultan, Konstantin Mihailovic, ya bar bayanin daren: sun haye cikin jirage a duhu, suka sauka can ƙasa da inda sansanin Vlad yake, suka haƙa ramuka don dawakai kada su tattake su, suka kafa igwa, kuma kafin su samu gindin zama an kashe musu mutum 250, Sultan na tsaye a ɗaya gaɓar yana kallo ba shi da yadda zai yi. Wanda ya lissafa kwanakin da kalandar Hijira zai ga duk wannan tafiya a cikin watan Ramadan na shekarar 866 aka yi ta, a tsakiyar zafin bazara.

Vlad bai tsaya an yi gaba da gaba ba. Ya janye zuwa arewa, ya kwashe mutane da dabbobi zuwa dazuzzuka da duwatsu, ya ƙone amfanin gona, ya ɓata rijiyoyi. Duk wanda ya ratse daga runduna neman ciyawar doki ko ruwa, ba ya dawowa. Mihailovic da kansa ya ce tsoro ya kama su, kowane dare sai sun kewaye kansu da rami.

Daren 17 ga Yuni, a kan hanyar Targoviste, babban birnin Walakiya, Vlad ya yi abin da ya sa ake tunawa da yaƙin. Ya ɗauki mahaya tsakanin 7,000 da 10,000, da bakin wuta da ƙaho, ya faɗa sansanin Sultan ana barci. Abin da yake nema ɗaya ne, tantin Sultan. Da ya kashe Muhammad al-Fatih a daren nan, da daular ta faɗa rikicin gado, da Walakiya ta sami shekarun hutu. Amma cikin duhu da hayaniyar raƙuma da dawakai da ake sara, suka karkata suka afka wa tantunan wazirai, Mahmud Pasha da Ishak Pasha. Kafin su gyara, Janisari sun kewaye Sultan. Da gari ya kusa wayewa Vlad ya janye, Ali Bey Mihaloglu ya bi sawunsa, ya kamo kimanin mutum 1,000, aka kashe su.

Bayan 'yan kwanaki rundunar ta iso Targoviste ta tarar da ƙofofi a buɗe. A wajen gari kuma suka tarar da filin da Kalkokondiles ya ce tsawonsa ya kai kusan kilomita 3, faɗinsa fiye da 1, cike da itatuwan tsirewa, mutum wajen 20,000, har da mata da jarirai, tsuntsaye sun yi sheƙa a cikin gawarwakin. Hamza Bey na cikinsu. Ko da an yi ƙari a lambar, abin da idon sojojin ya gani ya isa. Marubucin ya ce Sultan ya yi mamaki, ya ce ba a iya ƙwace ƙasa daga hannun mutumin da ke aikata irin wannan. Masu son Vlad na yawan kawo wannan magana a matsayin yabo. Ni ban ga abin yabo a filin nan ba, kuma abin da Sultan ya yi bayan nan ya nuna ya riga ya gano ta inda za a ɓullo wa mutumin.

A daidai wannan lokaci wata wuta ta tashi a gabas. Istifan, sarkin Moldaviya, wanda Vlad ya taimaka wa ya hau gado a 1457, ya kai wa Kiliya hari, tashar jiragen ruwa a bakin Danub wadda dakarun Hangari ke tsare da ita, yayin da jiragen Turkawa ke dukanta ta ruwa. Ran 22 ga Yuni aka ji wa Istifan rauni a idon sawu, raunin da ya bi shi har kabari, harin kuma bai yi nasara ba. Amma dole Vlad ya raba 'yar rundunarsa ya tura wani sashe can. Istifan ba don son Sultan ya yi ba. Kiliya ƙofar cinikin ƙasarsa ce, yana gudun ta faɗa hannun Turkawa kafin ya kai gare ta. Ya same ta a 1465.

Sultan ya juya gabas, ya ƙone Braila, ya tsallake kogi a ƙarshen Yuni da ganima mai yawa ta dabbobi da bayi. Ran 11 ga Yuli yana Edirne. A Venis da Roma aka yi ta murna an kori Baturke. A Edirne aka yi bikin nasara. A watan Satumba ma Sultan ya riga ya wuce ya ci tsibirin Lesbos.

Da ɗan gari a kan ci gari

Abin da ya bari a baya shi ne Radu, da 'yar runduna, a filayen Baragan kusa da kogi. Radu bai zo da barazana ba. Saƙonsa ga boyar mai sauƙi ne: Sultan zai iya dawowa baɗi da wata rundunar, ku kuma ba ku da sauran abin ƙonawa, ku zo mu daidaita, a biya gandu kamar da, a fanshi iyalanku da aka kama, ƙasa ta zauna a hannun ɗan gida. Ka sa kanka a matsayin mai ƙasa wanda gonakinsa suka zama toka da umarnin sarkinsa, wanda ya ga an tsire 'yan uwansa shekarun baya, wanda matarsa ko ɗansa ke hannun Turkawa. Ga kuma ɗan Drakul na biyu, mai ƙashin sarauta iri ɗaya, yana miƙo hannu.

Vlad ya ci Radu a karo fiye da ɗaya a watannin nan, amma kullum gari ya waye sai ya tarar mutanensa sun ragu. Tun tsakiyar Agusta wani babban jami'in Hangari a Transilvaniya ya rubuta wa Brasov yana ba su shawara su amince da Radu. Tsoron da ya riƙe mutane shekara shida ya daina aiki ranar da suka sami inda za su gudu. A nan, a ganina, aka ci Vlad da yaƙi. Ya ja da baya zuwa duwatsu yana jiran Matiyas.

Lissafin Buda

Matiyas bai iso Brasov ba sai Nuwamba, wata biyar bayan harin dare. Don a gane dalili sai an dubi halin da yake ciki. An zaɓe shi sarki a Janairun 1458 yana ɗan shekara 14, bayan an fille kan wansa Laszlo shekara guda kafin nan. Ba jinin tsohon gidan sarauta ba ne. Mafi muni, ba a naɗa shi da Kambi Mai Tsarki ba, wanda a al'adar Hangari sarauta ba ta cika sai da shi, domin kambin na hannun Firederik na Uku, Sarkin Sarakunan ƙasashen Jamus, tun 1440. A 1459 wasu manyan Hangari har sun zaɓi Firederik ɗin a matsayin sarkinsu. A bazarar 1462, lokacin da Vlad ke jiran dawakai, jakadun Matiyas na can suna cinikin kambi. Farashin da aka tsayar zinare 80,000 ne. An sa hannu a Wiener Neustadt a 1463, aka naɗa shi a Maris 1464.

Sarkin da ke tara irin wannan kuɗi, wanda kujerarsa ke rawa, ba zai kai rundunarsa bayan duwatsu a bakin hunturu don ya mayar da mutumin da manyan ƙasarsa suka guje shi ba. Ga Saksan, masu biyan haraji mai kauri, suna ce masa Radu ya fi musu. Ga Radu da kansa a shirye yake ya zauna lafiya da Hangari. In don wannan ne kawai, da sai in ce Matiyas ya yi abin da mai hankali zai yi, ko da ya saɓa alkawari.

Amma akwai kuɗin Fafaroma da na Venis, waɗanda aka karɓa da sunan yaƙi, ga kuma Turai duka ta ji labarin jarumin da ya shiga sansanin Sultan. Dole a ba da dalili. Bayan makonni ana tattaunawa a Brasov, aka haɗa Vlad da Yan Jiskra, wani tsohon shugaban sojan haya Baceke, wanda ya daɗe yana yaƙar gidan Hunyadi kuma bai daɗe da yin mubaya'a ga Matiyas ba, wai zai raka shi ya ƙwato ƙasarsa. A ƙarshen Nuwamba, a mashigin duwatsu kusa da Rukar, Jiskra ya kama shi. Sai ga wasiƙu uku sun ɓullo, masu ɗauke da kwanan wata 7 ga Nuwamba, wai Vlad ne ya rubuta wa Sultan da Mahmud Pasha da Istifan, yana neman gafara, yana alkawarin zai taimaka a ci Transilvaniya da Hangari. Aka aika da kwafinsu Roma, Fafaroma ya shigar da ɗaya cikin rubuce-rubucensa. Yawancin masana tarihi sun tafi a kan cewa ƙirƙirarsu aka yi. Hatta Antoniyo Bonfini, marubucin fadar Matiyas, ya rubuta cewa dalilin kamun bai taɓa fitowa fili ba.

Wannan ne ba zan iya wanke Matiyas a kai ba. Ƙin taimako abu ne na lissafi. Ɗora wa mutum cin amanar da kai ka yi, don ka riƙe kuɗin da aka ba ka saboda shi, wani abu ne daban. Kuma ba a tsaya a wasiƙun ba. Daga 1463 labaran ta'asar Drakula suka fara yawo da Jamusanci, aka rera su a fadar Firederik, daga baya injin ɗab'i ya yaɗa su a garuruwan Jamus. Da yawa daga abin da ke ciki yana da tushe, wasiƙarsa ta Fabrairu ma ta ishe shi shaida. Sai dai waɗanda suka yaɗa su ba tausayin matattu ne ya motsa su ba, tunda kisan Bulgariyawan nan da shi aka yi ta yabonsa wata tara kafin nan.

Matiyas ya yaƙi Turkawa a inda ya zaɓa da kansa: bayan Sultan ya ci Bosniya a 1463, ya shiga ya ƙwace garin Yaitse na Bosniyar a ƙarshen shekarar. Amma yawancin ƙarfinsa na shekarun baya Bohemiya da Ostiriya ya nufa da shi.

Wasu marubutan Romaniya na cewa tsayin dakan Vlad ne ya hana a mayar da Walakiya lardin Turkiyya kamar Sabiya da Bulgariya. Gaskiya ne ƙasar ta ci gaba da sarakunanta da cocinta da dokokinta. Amma Sultan ya taho da Radu tun daga farko, wanda ke nuna abin da yake nema shi ne gaɓar kogi mai kwanciyar hankali da gandu a kan kari, kuma ya samu duka biyun kafin shekara ta fita. Ƙasar ta koma daidai inda take a 1458, sai dai an ƙone ta, kuma gaɓoɓin Danub biyu sun cika da kaburbura.

Vlad ya shafe fiye da shekara goma a tsare, yawanci a Visegrad, daga baya a wani gida a Pest, ya kuma auri Yustina Silagi, 'yar uwar Matiyas. Matiyas ya ajiye shi ne kamar yadda ake ajiye kowane ɗan sarki, don ranar buƙata. Ranar ta zo ta hannun Istifan. Shi ne ya kori Radu a 1473 ya ɗora Basarab Layota, Layota ya koma wa Turkawa. Istifan ya ragargaza rundunar Sulaiman Pasha a Vaslui ran 10 ga Janairun 1475, sannan ya roƙi Buda ta saki mutumin da ya tabbata ba zai taɓa shiryawa da Sultan ba. A Yulin 1476 Muhammad al-Fatih ya zo da kansa ya ci Istifan a Valea Alba, amma bai iya karɓe ganuwoyinsa ba, ya koma. A Nuwamba rundunar Hangari ƙarƙashin Istifan Batori da ta Moldaviya suka shiga Walakiya, suka karɓi Targoviste da Bukares, suka mayar da Vlad kan gado, shekara 14 bayan lokacin da ya nemi wannan taimakon.

Rundunonin suka koma gida kafin hunturu ya yi tsanani. Istifan na Moldaviya, da yake bai yarda da boyar ɗin Walakiya ba, ya bar masa mutum 200 daga cikin nasa su tsare shi. Ba a yi wata biyu ba Layota ya dawo da Turkawa. Aka kashe Vlad a ƙarshen Disamban 1476 ko farkon Janairun 1477, aka kuma ruwaito cewa an kai kansa Santambul. Daga cikin mutum 200 ɗin nan, 10 ne suka koma Moldaviya suka kai wa Istifan labari.